Ɗinkin Farfesa Ɗari-bisa-Ɗari

Idan ana lissafin likitocin tiyata da Allah ya yi wa baiwa, da Farfesa ake farawa, da shi kuma ake rufewa. Ba wanda zai yi gardama, domin shi da kansa ya tsara lissafin. Mutum ne dogo, mai tumbi irin na waɗanda suka ci gaba, da murya wadda kan riga shi shiga ɗaki ta share masa wuri. A babban asibitin koyarwa inda yake aiki, in ya taho a baranda, nas-nas kan manne da bango, ɗalibai su cusa wayoyinsu a aljihu, har majinyacin da ke nishi yakan dakata sai ya wuce. Fararen riguna biyu gare shi, ta aiki da ta yawo, kuma ta yawon ta fi shan wahala.

Ɗalibai suna kiransa Ɗari-bisa-Ɗari. Ya san da sunan, yana kuma jin daɗinsa, saboda bai taɓa jin yadda suke furta shi a bayan idonsa ba. Asalin sunan kuwa rahotannin bincikensa ne. Duk binciken da Farfesa ya yi, nasara ce zalla. Sauran likitocin duniya, bayin Allah, sai ka ga sun rubuta cewa wasu sun warke, wasu ciwon ya dawo musu, wani ma ya riga mu gidan gaskiya. Farfesa yakan karanta irin waɗannan rahotanni yana girgiza kai don tausayi. Yakan ce, "Mutum ya ɓata aiki, sannan ya zauna ya rubuta da hannunsa cewa ya ɓata? Wannan ai rashin tarbiyya ne."

Babbar kyautar da ya yi wa duniya ita ce sabon ɗinkin ƙaba. Ƙaba dai, ga wanda Allah ya kiyaye, ita ce hanji ya sami ɓaraka a bangon ciki ya leƙo ta mara, ya yi ƙullutu. Tun zamanin malaman malamansa akwai yadda ake ɗinke ɓarakar, ɗinki mai cin lokaci, marar ado, wanda babban aibinsa shi ne ba ya ɗauke da sunan kowa. Farfesa ya ƙirƙiro nasa: zare siriri, ƙulli kaɗan, an gama kafin shayi ya huce. Ya yi wa mutane da dama, ya rubuta rahoto, aka buga a mujallar likitoci tare da hotonsa na zamanin da yake da gashi. Sakamakon ya ce kowa ya warke, ba wanda ƙabarsa ta dawo.

Kuma hakan ne, in an bi ta hanyar da Farfesa yake bi.

Wata safiya wani alƙalin wasan ƙwallo ya shigo ofishinsa yana tafe a duƙe, hannu a mara. Bai daɗe da shan sabon ɗinkin ba. A gefen tebur mataimakin Farfesa na tsaye, wani likita mai taushin murya da ake kira Haka-ne, domin tun da ya zo asibitin ba a ji ya buɗe magana da wata kalma ba.

"Ranka ya daɗe, abin nan fa ya dawo," in ji alƙalin wasa. "Ina tsakiyar fili, na busa usur, sai na ji ɓat."

"Ka busa me?"

"Usur, ranka ya daɗe. Sana'ata ke nan."

Farfesa ya juya ga mataimakinsa. "Likita, bincikenmu a kan masu busa usur muka yi shi?"

"Haka ne... wato a'a, ranka ya daɗe."

"To ka ji. Malam, ɗinkina bai ɓalle ba, kai ka ɓalle shi. A cire shi daga lissafi."

Alƙalin wasa ya juya ya fita a duƙe. Shi da ya saba korar mutane daga fili, yau an ba shi jan kati yana riƙe da hanjinsa.

Haka aka cire wani direba da ya yi atishawa ba da izini ba, da wata mai shago da ta yi dariya fiye da ƙima, da wani dattijo da ya ɗauki jikarsa. Wani kuma Allah ya yi masa rasuwa kafin ranar da aka sa masa ya dawo a duba shi, Farfesa ya sa aka rubuta cewa bai ba da haɗin kai ba. Waɗanda suka gaji da hawa matakalar ofishinsa suka koma wasu asibitocin kuwa, duk an sa su cikin waɗanda suka warke. Hujjar Farfesa mai sauƙi ce: tunda ba su dawo ba, lafiya ce ta mantar da su.

Ana nan sai iska ta juya a duniyar likitoci. Mujallu suka ce sun gaji da rahotannin da kowa ke warkewa a takarda alhali gadajen asibiti ba su ji labari ba. Daga yanzu, duk mai son yin bincike a kan mutane sai ya yi rajista tun kafin ya ɗauki wuƙa: ya bayyana wa duniya abin da zai gwada, a kan mutum nawa, da abin da zai auna. In ya gama kuma ya faɗi komai, mai daɗi da marar daɗi, kada ya tsince masu kyau ya tura saura ƙarƙashin gado. Hukumar asibiti ta ce lallai a kafa Kwamitin Inganta Rajista da Rahoton Bincike, aka shiga neman wanda ya fi kowa kyan rahoto ya shugabance shi. Ba a daɗe ana nema ba.

Ranar ƙaddamarwa Farfesa ya hau mumbarin ɗakin taro, ya ture lasifika gefe don ba ya bukatarta.

"Inganci!" in ji shi, gilasan taga suka amsa. "Inganci nake so! Rahoton da yaran nan suke kawo mini, takarda sai ka ce wadda aka naɗe sabulu. Daga yau, bango mai ƙyalli. Rubutu manya-manya. Hoton shugaban kwamiti a shafin farko, hoton mai binciken a shafin ƙarshe in wuri ya ragu. Duniya ta ce mu inganta rahoto, kuma wallahi sai rahotonmu ya fi na kowa nauyi a hannu!"

Wani ƙaramin likita can baya ya ɗaga hannu. Ya ce shi a fahimtarsa, an ce a yi rajistar ne kafin a fara binciken.

"Kafin?" Farfesa ya cire tabarau ya dube shi kamar wanda ya ga ƙuda a miya. "Ni boka ne da zan faɗi abin da zan samu tun ban samu ba? Yaro, a gama aiki tukuna, a duba a ga abin da ya yi kyau, sannan a yi masa rajista cikin mutunci, a nemo kwanan watan da ya dace da shi a sa masa. Wannan shi ne ilimi. Naka kuwa duba ne."

Aka tafa. Haka-ne ya tafa har sai da agogonsa ya kwance.

Aka ware wa rajista ofishi na musamman, aka shimfiɗa kafet ja, aka sa na'urar sanyaya ɗaki da furannin roba da wani ƙaton hatimi da sai an kama shi hannu biyu. Mabuɗin ofishin na aljihun Farfesa, don kada a shiga a ɓata kafet. Mai son yin rajista sai ya yi sammako ya tsaya a inda Farfesa ke ajiye mota, ya gaishe shi, ya karɓi jakarsa, ya bi shi a baya yana bayani. In an yi sa'a, kafin a kai ƙofar ofis binciken ya sami sabon marubuci na farko.

Daga nan Farfesa ya gano wata ƙa'ida da ta sauƙaƙa masa rayuwa: abin da ba a yi wa rajista ba, babu shi. Babbar nas ta zo ta ce rufin ɗakin maza yana yoyo a kan gado biyu. "An yi wa yoyon rajista?" Ta ce a'a. "To ba ya yoyo." Wata kyanwa ta haihu a cikin kwalin tsofaffin fayiloli, aka kawo ƙara. Farfesa ya je da kansa, ya tsaya a kan kyanwar da 'ya'yanta suna kallonsa yana kallonsu, ya tabbatar wa ma'aikata cewa bisa tsari babu kyanwa a ginin nan. Ita kuma ta ci gaba da shayarwa.

A zamansa na farko, kwamitin ya ga ya kamata a ƙirƙiri lambar yabo ta ingancin rahoto. A zama na biyu ya zaɓi wanda ya cancanta, kuma zaɓen bai zo wa kowa da mamaki ba sai Farfesa, wanda ya dafa ƙirji ya ce, "Ni?" Shi ya zana lambar da hannunsa: dutse mai sheƙi, a kansa hannun tagulla riƙe da allura. Masu dako biyu suka shigo da ita suna haki. Ranar bayarwa Farfesa ya ce ba wanda zai taya shi, shi kaɗai zai ɗaga ta sama da kansa a ɗauki hoto. Ya ɗaga. Mai hoto ya duba ya ce, "A sake, ranka ya daɗe, ka rufe ido." Ya sake ɗagawa, ya buɗe ido sosai, sai ya ji ɓat.

Hoton ya fito da kyau. Kowa ya ce bai taɓa ganin idanun Farfesa sun fito haka don murna ba.

A gida matarsa ce ta fara gani. Tsohuwar malamar lissafi ce, mace marar hayaniya, wadda shekarun zama da Farfesa suka koya mata sauraron jawabi tana ƙirga zaren labule a zuciyarta. Ya fito daga wanka ɗaure da tawul, ta sauke tabarau kan hanci.

"Baban yara, mene ne wannan a mararka?"

"Babu komai."

"Babu komai ne ya kai girman lemo?"

"Ba a yi masa rajista ba," in ji Farfesa, ya juya baya.

"To shi dai ba a sanar da shi ba, don girma yake yi."

Ya daure, ya sayi ɗamara mai faɗi yana ɗaurewa a ƙarƙashin riga. Amma abin da ba shi a tsari ya ci gaba da zama a mara, har ya fara hana shi sunkuyawa ya ɗaura takalmi. Dole ya kira Haka-ne, ya kulle ƙofa, ya kwanta a gadon duba marasa lafiya, karo na farko a rayuwarsa da ya ga rufin ofishinsa. Haka-ne ya taɓa, ya danna, fuskarsa ta cika da haske.

"Haka ne, ranka ya daɗe, ƙaba ce! Kai, Allah mun gode. Gobe-gobe mu yi maka ɗinkinka. Mai ɗinki a ƙarƙashin ɗinkinsa! Zan kira 'yan jarida, ɗalibai su cika ɗakin kallo."

"Ɗinkina," in ji Farfesa a hankali.

"Haka ne, ranka ya daɗe, wanne kuma muka iya? Tsofaffin da ke yin na da ai duk ka sallame su."

Tafiyar alƙalin wasan nan a duƙe ta faɗo wa Farfesa a rai, da direba, da mai shago, da dattijo mai jika, suka jeru a gabansa kowa hannu a mara. Shi dai bai taɓa shakkar rahotonsa ba, Allah ya sani. Kansa ya karanta rahoton ya gamsu. Mararsa ce ta ƙi karantawa.

Ya tashi zaune ya ce ya tuna an gayyace shi wani muhimmin taro a ƙasar waje, sai ya dawo.

Ƙasar wajen kuwa wani ƙaramin gari ne mai nisa, inda ya ji an ce akwai asibitin da ba su waye ba tukuna. Matarsa ce ta tuƙa motar. Shi yana kwance a kujerar baya cikin tsohuwar rigar ƙaninsa, da hula har gira, da baƙin tabarau. Duk ramin da suka faɗa sai ya ce "Wayyo" da ƙaramar murya, ita kuma ta ce, "Sannu, mai taro."

Asibitin bene ɗaya ne, fenti ya koɗe, benci na katako, fanka na juyawa kamar ba ta so. Ba kafet, ba furen roba. Farfesa ya bi layi tsakanin wani manomi da wata tsohuwa mai tari, ba wanda ya manne da bango. Da aka kira shi ya tarar da likitar tiyata, mace matashiya, sa'ar 'yarsa ta biyu, biro a maƙale a kallabi.

"Sannu, Baba. Wace sana'a kake yi?"

Ƙarya gaba ɗaya ta yi masa nauyi, gaskiya kuma ta fi. "Ɗinki," in ji shi.

"Tela ne ke nan. Madalla." Ta rubuta. Matar Farfesa ta duƙar da kai tana binciken jakarta da kafaɗu na rawa.

Likitar ta duba shi, ta wanke hannu, ta ja kujera ta zauna kusa da shi. Ta ce za a yi aiki, amma akwai bayani. Iri biyu ne na ɗinki, tsoho da sabo. Sabon wani babban farfesa ne ya ƙirƙiro shi, rahotonsa ya ce bai taɓa ɓallewa ba, shi ya sa hukumar lafiya ta ba da umarni a riƙa yi wa kowa shi.

"Har nan?" in ji Farfesa.

"Har nan, Baba. Sai dai mu abin da muke gani a gado bai yi kama da abin da muka karanta ba. Shi ya sa muka nemi izini, muka yi rajistar bincike tun kafin mu fara, kowa a duniya na iya dubawa. Wanda ya yarda ya shiga, na'ura ce za ta yi masa ƙuri'a, ko tsoho ko sabo. Ba za mu gaya maka wanda ka samu ba sai an gama, kuma duk abin da ya faru za mu rubuta shi yadda yake."

"In kuma na ce ba na shiga?"

"Ba dole, Baba. Sai mu bi umarni mu yi maka sabon."

Sai tsohon halin Farfesa ya motsa, ya gyara tabarau ya ce, "Shi wannan farfesan, 'yata, ai na ji ana cewa babban mutum ne."

"Ban taɓa ganinsa ba, sai a hoto. Saurayi ne mai gashi. Ƙila ƙuruciya ce ke damunsa."

Matarsa ta tashi ta fita waje da sauri, wai tari ya sarƙe ta.

Ya karɓi biro ya sa hannu, ya ba da lambar wayar da ta fara zuwa bakinsa. Da aka tura shi a gado mai taya zuwa ɗakin tiyata, Farfesa Ɗari-bisa-Ɗari, shugaban kwamiti, mai lambar dutse da tagulla, yana motsa leɓe yana roƙon Ubangiji da zuciya ɗaya ya tsare shi daga aikin hannunsa.

Aka yi aiki lafiya. Ya farka ya shafa bandeji, bandeji bai ce komai ba. Ya tambayi nas, ta ce ita ma ba ta sani ba. Ya gwada wa likitar dabara, ya ce shi tela ne, yana so ya san irin zaren don sha'awa. Ta yi murmushi ta ce ya sha ruwa. Aka sallame shi aka sa masa ranar dawowa, ya ce to, yana fita ya san ba zai dawo ba.

Ya koma bakin aiki ya ce taron ƙasar waje ya yi armashi. Amma mutane suka ga Farfesa ya canja. Yana tafiya a baranda kamar mai ɗauke da tiren ƙwai. Magana sai an matso. Dariya ya daina, tsawa ya daina, in atishawa ta taso sai ya kama hanci da hannu biyu ya yi ta kokawa da ita har hawaye su zubo. Ya hana a busa usur a filin makarantar da ke bayan gidansa, ko da yake ba shi ke busawa ba. Ɗalibai suka ce ya tuba. Matarsa ta ce tun da aka ɗaura musu aure ba ta taɓa jin agogon falo yana tafiya ba sai yanzu.

Watanni suka shige, ba abin da ya ce ɓat. Wata rana a banɗaki ya gwada ɗan tari, ya saurara. Shiru. Washegari ya yi babba. Ya ɗaga bokiti rabi, ya ɗaga cikakke. Ya daka wa mai gadi tsawa don gwaji, mai gadi ya firgita, mara ba ta motsa ba. Farfesa ya tsaya gaban madubi yana kallon tabon, sai wani tunani ya sauko masa mai daɗi kamar ruwan sanyi. Ɗinki mai ƙarfi haka, mai jure tari da tsawa da bokiti, na wane ne in ba na gwani ba? Tsohon ɗinkin nan marar suna zai iya wannan? Haba. Ashe ƙuri'a ta san mai ita. Ashe tun farko alƙalin wasa ne bai iya busa ba.

"Maman yara," ya ƙwala kira har kofuna suka yi ƙara, "nawa aka yi mini!"

"Wa ya gaya maka?"

"Jikina."

"Jikin nan da ka ce ba a yi masa rajista ba?"

Bai saurare ta ba. A makon ne takardar gayyata ta zo: babban taron likitoci na ƙasa a kan inganta rajista da rahoton bincike, kuma Farfesa ne zai rufe taro da jawabi. Ya sa aka goge farar rigar yawo. Ranar taro suka isa otal da wuri, amma ya ce su zauna a mota, domin babban baƙo ba ya shiga tare da masu ƙananan maƙaloli. Suka zauna gilashi a rufe, yana maimaita jawabinsa ga sitiyari, har sai da aka aiko ana nemansa.

Da ya shiga, ɗakin ya yi tsit. Ɗaruruwan likitoci suka juyo suna kallonsa, wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka rufe baki da takardar shiri. Haka-ne na layin gaba yana ta yi masa alama da ido da hannu, kamar mai korar kaza. Farfesa ya ɗaga masa hannu cikin karamci. Ya daɗe bai ga kwarjininsa ya kama ɗaki haka ba.

"'Yan uwana ma'abota ilimi," ya fara, "ana ta surutu a kan rajista, ana ta surutu a kan rahoto. Wasu yara sun ɗauka sai an yi ƙuri'a kamar masu caca kafin a san gaskiya. To ni yau na zo muku da rahoton da ba ya bukatar takarda. Ni da kuke gani, ƙaba ta kama ni. Don tsabar tawali'u na ɓad da kama, na tafi wani ɗan asibitin ƙauye, na miƙa cikina aka yi mini ɗinkina. Ku ji!" Ya yi tari mai ƙarfi. "Ku ji kuma!" Ya buga tumbi da tafin hannu. Sai ya ɓalle maɓallai, ya yaye riga da singileti har ƙirji, ya ɗan sassauta bel, ya juya dama ya juya hagu. "Ga rahoto! Wanda ke da ja ya zo ya karanta!"

A layi na uku wata mace ta miƙe a hankali, biro a maƙale a kallabi. Ita ce ta gama magana kafin ya shigo, allon da ke bayansa ma har yanzu rubutunta ne a kai, bai waiwaya ya duba ba.

"Baba tela?" in ji ta.

Lasifikar da ke hannunta a kunne take. Kalmar ta zaga ɗaki ta dawo.

"Alhamdu lillahi! Baba, mun neme ka har mun gaji. Lambar da ka ba mu ta wani mai facin taya ce, har ya fara zaginmu. Kowa mun bi shi har gida mun duba, kai kaɗai muka rasa, sai da muka rubuta a rahoto cewa tela ɗaya ya ɓace." Ta hau mumbarin tana murna tsakani da Allah. Sai ta dubi sunan da ke kan tebur, ta dubi kansa, ta sake duban sunan. Murnar ta ɗan ja da baya. "Ranka ya daɗe... ka yarda in yi magana a nan?"

"Faɗi!" in ji Farfesa, riga a hannu, murya ta fara sirancewa. "Faɗa musu wanda kika yi mini!"

"Yanzu na gama bayani, ranka ya daɗe. Mun dakatar da binciken tun kafin lokaci, saboda masu sabon ɗinki sun yi ta dawo mana a duƙe, har tausayi ya hana mu ci gaba. Kai kuwa ni na ɗinke ka da hannuna. Tsohon ne." Ta dubi mararsa. "Tunda ga ka ga tabon, ka ba ni izini in cika aikina? Kai kaɗai ka rage."

Kan Farfesa ne ya gyaɗa don kansa. Ta zaro safar hannu daga aljihu ta sa, ta ɗora yatsu biyu a mararsa.

"Yi tari, Baba."

Ya yi tari.

"Ya riƙe," ta faɗa wa ɗakin.

Wani ya fara tafi daga baya, wasu suka kama, har ɗakin gaba ɗaya ya miƙe tsaye. Tafi ne irin wanda Farfesa ya yi shekaru yana jira, mai tsawo, mai ƙarfi, da fito a ciki. Jikinsa da ya saba bai tsaya tambayar na wane ne ba, ya ɗan rusuna ya karɓa, ya rusuna dama, ya rusuna hagu.

Daga layin gaba matarsa ta miƙo wuya ta ce, "Baban yara, sauke rigarka. Hoto ake ɗauka."